Lambar 112 da Matsalar Gano Inda Mai Kira Yake: Bayani Kan Tsarin Kiran Gaggawa da Halin da Jihar Taraba Ke Ciki

Lambar 112 ita ce lambar kiran gaggawa ta kyauta da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta keɓe wa ɗaukacin 'yan Najeriya. Ana kiranta daga kowane layin waya ba tare da an cire wa mutum ko kwabo ba, domin neman agajin 'yan sanda, ko jami'an kashe gobara, ko motar ɗaukar marasa lafiya, ko jami'an kiyaye haɗurra. Amfanin lambar ya rataya ne a kan abubuwa uku: kiran ya shiga a kuma ɗauka da wuri, a gane takamaiman wurin da mai kira yake, sannan a sami hukumar da za ta isa can a kan lokaci. Na biyun ne aka fi yin sakaci da shi, alhali idan ya samu tangarɗa sauran biyun sun tashi a banza. Wannan bayani ya duba asalin tsarin, da yadda yake aiki, da hanyoyin da ake bi wajen gano mai kira, tare da ɗaukar Jalingo da jihar Taraba a matsayin misali.

Asalin lambobin gaggawa

Birnin Landan ne ya fara amfani da lambar gaggawa ta bai-ɗaya. A watan Nuwamban 1935 gobara ta tashi a wani gida da ke titin Wimpole, mata biyar suka rasu, kuma wani maƙwabci da ya yi ƙoƙarin sanar da 'yan kwana-kwana ya daɗe a kan layi yana jiran ma'aikaciyar haɗa waya ta amsa. Ƙorafin da ya biyo baya ne ya sa aka ƙaddamar da lambar 999 a ranar 30 ga Yunin 1937. A Amurka an yi kiran farko na lambar 911 a garin Haleyville da ke jihar Alabama ranar 16 ga Fabrairun 1968. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa sun amince da 112 a matsayin lambarsu ta bai-ɗaya a shekarar 1991, shi ya sa ake tunawa da ita a duk ranar 11 ga Fabrairu.

Abin da ya yaɗa 112 a duniya shi ne shigar da ita cikin ƙa'idojin fasahar GSM. Kusan kowace wayar hannu an ƙera ta ne ta yadda za ta ɗauki 112 a matsayin kira na musamman, ta ba da damar buga ta ko da wayar tana kulle. Ƙa'idar ta kuma tanadi cewa idan wayar ba ta samun sabis na kamfaninta, za ta iya neman hanyar fita ta turken wani kamfani, sai dai aiwatar da wannan tanadi ya danganta da dokar kowace ƙasa da shirin kamfanoninta. Maƙwabtan Najeriya ma suna da nasu tsarin. A Jamhuriyar Nijar ana kiran 17 domin 'yan sanda, 18 domin masu kashe gobara. A Kamaru, wadda ke da doguwar iyaka da Taraba, lambobin su ne 117 da 118. Gana kuwa ta haɗe lambobinta a kan 112 a watan Janairun 2020.

Tushen doka da cibiyoyin amsa kira a Najeriya

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001. Bayan shekara biyu aka kafa Dokar Sadarwa ta Najeriya ta 2003, wadda sashe na 107 nata ya ɗora wa NCC alhakin keɓe lamba ɗaya domin kiran gaggawa, da kuma ƙarfafa samar da kayan aikin da za su ɗauki irin wannan kira a faɗin ƙasa. Daga nan ne aka tsiro da shirin gina Cibiyoyin Sadarwar Gaggawa, da manufar samar da cibiya ɗaya a kowace jiha daga cikin jihohi 36, da kuma ɗaya a Babban Birnin Tarayya. A bisa wannan tsari, cibiyar jihar Taraba mazauninta Jalingo ne.

Shirin ya daɗe yana tafiyar hawainiya kafin ya sami ƙaimi a zamanin da Farfesa Umar Garba Danbatta ya shugabanci hukumar, daga 2015 zuwa 2023. An buɗe cibiyar Katsina a watan Satumban 2019, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da ta Abuja a watan Maris na 2020, kuma a 2023 hukumar ta bayyana cewa cibiyoyi 27 suna aiki. Dakta Aminu Maida ne ya karɓi jagorancin hukumar a watan Oktoban 2023.

Ya kamata mai karatu ya fahimci iyakar aikin waɗannan cibiyoyi. Cibiya ba ta da motar kashe gobara, ba ta da motar asibiti, ba ta kuma kama ɓarawo. Aikinta shi ne ta amsa kira, ta tantance irin matsalar, ta rubuta wurin, sannan ta miƙa ga hukumar da abin ya shafa: Rundunar 'Yan Sanda, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa FRSC, hukumar kashe gobara, Hukumar Tsaron Farar Hula NSCDC, Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa NEMA ko takwararta ta jiha, da kuma masu motocin ɗaukar marasa lafiya. Wasu hukumomin suna da nasu lambobin na kai-tsaye. FRSC tana da 122, Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa NCDC tana da 6232, jihar Legas kuma ta daɗe tana amfani da 767 tare da 112. Lambar 622 ta NCC ta ƙorafin masu amfani da layukan waya ce, ba a neman agaji ta kanta.

A ɓangaren lafiya akwai dokoki biyu da suke tallafa wa tsarin. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa, dokar kuma ta ware kashi 5 cikin 100 na Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko domin jinyar gaggawa. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga ta wajabta wa asibitoci karɓarsu nan take, ko da babu takardar 'yan sanda. A 2022 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin NEMSAS na motocin ɗaukar marasa lafiya, wanda aka fara gwajinsa a Abuja kafin a soma faɗaɗa shi zuwa jihohi.

Dalilin da ya sa kowane minti yake da nauyi

Likitoci sun tabbatar da cewa idan zuciyar mutum ta tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida da yankewar jini, kuma damar tsira tana raguwa da kimanin kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a kowane minti matuƙar ba a fara danna masa ƙirji ba. Mace mai zubar da jini bayan haihuwa tana iya rasa ranta cikin sa'o'i kaɗan. Wanda ya yi haɗarin mota yana zubar da jini, da wanda maciji ya sara, da wanda ya faɗa ruwa, duk lokacinsu ƙididdigagge ne. Gobara ma takan mamaye ɗaki cikin 'yan mintuna.

Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta taɓa yin ƙiyasin cewa rage minti ɗaya daga lokacin isar masu agaji zai iya ceto rayuka kimanin 10,000 a shekara a ƙasar. Ƙiyasi ne da aka gina a kan yanayin Amurka, amma darasin da ke ciki ya shafi ko'ina: lokacin da ake ɓatawa ana tambayar “ina ne wurin?” yana fita ne daga lokacin da ya rage wa majinyaci.

Hanyoyin gano inda mai kira yake

A zamanin wayar tangaraho ta girke, gano mai kira abu ne mai sauƙi, domin kowace lamba tana haɗe da adireshin gida ko ofis. Wayar hannu ta rushe wannan sauƙi. Rajistar layi da haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, wanda aka wajabta tun watan Disamban 2020, yana nuna sunan mai layin ne kawai. Mutumin da ya yi rajista a Kano zai iya kira daga Mutum Biyu, kuma sau da yawa wanda ke riƙe da wayar a lokacin tashin hankali ba shi ne mai ita ba. Hanyoyin da ake bi a yau huɗu ne.

Hanya ta farko ita ce bakin mai kira. Ita ce mafi daɗewa, kuma har gobe ita ce ginshiƙi. Rauninta shi ne mutumin da ke cikin ruɗani yakan kasa kwatance, baƙo bai san sunan wurin ba, yaro bai iya bayani ba, wanda ɓarayi suka shigar wa gida kuwa ba ya iya ɗaga murya.

Hanya ta biyu ita ce turken sadarwa. Kowane kira yana bi ne ta wani turke, kuma kamfanin waya ya san inda kowane turkensa yake, har da ɓangaren da eriyarsa take fuskanta. A tsakiyar gari, inda turaku suke kusa da juna, wannan kan taƙaita bincike zuwa 'yan ɗaruruwan mitoci. A karkara turke ɗaya yana iya ɗaukar kilomitoci masu yawa, domin a ƙa'idar GSM ta asali nisan yana kaiwa kilomita 35. Ƙaramin lissafi zai nuna girman matsalar. Idan abin da aka sani shi ne mai kira yana cikin kilomita 5 daga turke, faɗin wurin da za a bincika ya kai murabba'in kilomita 78. Idan kuwa an san shi cikin mita 50, wurin bai wuce girman filin ƙwallon ƙafa da kaɗan ba. Na farkon ya ninka na biyun sau 10,000.

Hanya ta uku ita ce auna nisa daga turaku da dama. Idan turaku uku ko fiye suna jin wayar, ana kwatanta ƙarfin sigina ko lokacin da ta ɗauka kafin ta isa kowanne, sai a fitar da mahaɗa. Wannan ya fi dogaro da turke ɗaya daidaito, amma ba ya yiwuwa a ƙauyen da turke ɗaya tilo ake samu, shi ma sai an hau tudu.

Hanya ta huɗu ita ce wayar da kanta. Manyan wayoyi suna ɗauke da na'urar da ke karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa. Idan wayar ta kama taurari huɗu a fili, takan san matsayinta cikin 'yan mitoci. A 2014 aka ƙirƙiro wata fasaha a Birtaniya mai suna AML, wadda da zarar an buga lambar gaggawa take kunna na'urar gano wuri da kanta, ta aika matsayin mai kira zuwa cibiya ta saƙon tes ba tare da ya taɓa komai ba. Kamfanin Google ya sa ta a wayoyin Android a 2016, Apple kuma a 2018. Tun daga watan Maris na 2022 Tarayyar Turai ta wajabta wa duk manyan wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta su iya aika irin wannan bayani, kamar yadda tun 2018 ta wajabta wa sababbin samfuran motoci na'urar da ke kiran 112 da kanta idan an yi mummunan haɗari.

Fasahar AML tana da sharuɗɗa biyu. Dole ne ƙasa ta shirya cibiyoyinta da kamfanonin wayarta domin karɓar saƙon, in ba haka ba wayar ba ta da inda za ta aika shi. Sannan dole ne wayar ta kasance babba, alhali manoma da makiyaya da masunta da yawa suna riƙe da ƙananan wayoyi masu madannai saboda araha da riƙe caji. Don haka a yankuna irin na Taraba, ko an kawo sabuwar fasaha, kwatancen baki da bayanin turke ba za su daina aiki ba.

Yanayin ƙasar Taraba

An ƙirƙiri jihar Taraba ranar 27 ga Agustan 1991 daga tsohuwar jihar Gongola. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 54,000, abin da ya sa ta zama ta uku a girma bayan Neja da Borno. Tana da ƙananan hukumomi 16, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutane kimanin miliyan 2.3. Ma'anar wannan ita ce jama'a a warwatse suke cikin ƙasa mai faɗi, kuma cibiya ɗaya ce za ta saurari kira daga Zing da Yorro a arewa har zuwa Takum da Ussa a kudu.

Tsarin ƙasar ma yana da nasa tasiri. A kudu maso gabas akwai tsaunin Mambila, inda garin Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna, yake, tafiyar sa'o'i da dama daga Jalingo a kan hanya mai hawa da lanƙwasa. A wannan yanki ne gandun dajin Gashaka-Gumti yake, mafi girma a Najeriya, da kuma dutsen Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, wanda babu wanda ya kai shi a ƙasar. Duwatsu da kwaruruka suna tare sigina, ta yadda ƙauyen da ke gindin tsauni zai rasa sabis alhali turke yana bayan dutsen. A garuruwan bakin iyaka kuma wayar hannu kan kama sabis na ƙasar maƙwabta, wanda ke iya kai kiran gaggawa wata cibiya ta daban.

Sai kuma ruwa. Kogin Binuwai ya ratsa jihar, kogunan Taraba da Donga kuma suna zuba a cikinsa. Yawancin ƙasar Karim Lamido tana tsallaken Binuwai ne daga Jalingo, jama'a kuma sun dogara da kwale-kwale da jiragen ruwa wajen zuwa kasuwa. A ƙarshen watan Oktoban 2023 wani jirgin ruwa da ya ɗauko 'yan kasuwa ya kife a yankin, aka yi asarar rayuka da dama. A kan ruwa babu titi, babu lambar gida, babu allon suna, sai dai mai kira ya ambaci mashigar da aka taso, da wadda aka nufa, da tsawon lokacin da aka yi ana tafiya. A watan Agustan 2024 ambaliya ta karya gadar Namnai da ke ƙaramar hukumar Gassol, a kan babbar hanyar Jalingo zuwa Wukari. Irin wannan lamari yana nuna cewa gano wuri a taswira bai wadatar ba, sai mai tura agaji ya san wace hanya ce take biyuwa a ranar, da kuma wane gari ne ya fi dacewa a taso daga cikinsa.

Harshe shi ne na uku. Taraba na cikin jihohin da suka fi yawan ƙabilu a Najeriya, da suka haɗa da Mumuye, Jukun, Fulani, Kuteb, Tibi, Mambila, Chamba, Wurkun da Jenjo. Hausa da Fulatanci su ne suka fi haɗa jama'a a kasuwa da tasha, amma mutum a cikin firgici yakan koma harshen da ya tashi da shi. Cibiyar da ke son yin tasiri a irin wannan jiha tana buƙatar ma'aikata masu jin harsuna da dama, waɗanda kuma suka san yadda ake furta sunayen garuruwa a bakin mutanensu.

Jalingo da batun adireshi

Jalingo, fadar masarautar Muri, gari ne da ya bunƙasa da sauri bayan ya zama babban birnin jiha. Tsofaffin unguwanni irin su Sintali, Turaki, Barade, Majidadi da Sarkin Dawaki suna da lunguna da kowa a cikinsu ya san gidan kowa, amma baƙo ba ya gane su. Sababbin matsugunai kuma sun miƙe ta wajen Mayo Gwoi, Sabon Gari, Magami, Nukkai, Kona da Mile Six, inda gini kan riga sanya wa layi suna. Manyan tituna kamar Hammaruwa da Barde sanannu ne, amma da zarar an sauka daga kwalta sai a koma kwatance da masallaci, ko coci, ko gidan mai, ko makaranta, ko gidan mai unguwa.

Wannan salon kwatance yana aiki tsakanin 'yan gari, kuma direbobin Keke Napep sun ƙware a kansa. Matsalarsa ita ce maimaituwar suna. Kusan kowane babban gari a Arewa yana da Sabon Gari da Tudun Wada, kuma a cikin jiha ɗaya ana samun ƙauyuka da dama masu suna iri ɗaya. Wanda ya ce yana “Sabon Gari, bayan masallaci” bai ba ma'aikacin cibiya abin da zai riƙe ba, sai ya haɗa da sunan gari da ƙaramar hukuma da wata alama da babu irinta a kusa. Garin yana da irin waɗannan alamomi da kowa ya sani: Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, Asibitin Ƙwararru na jiha, Jami'ar Jihar Taraba, filin wasa na Jolly Nyame, filin jirgin sama na Danbaba Suntai, fadar Sarkin Muri da babbar kasuwa. Mazauna garin ba su manta da ambaliyar watan Agustan 2005 ba, lokacin da gadar Nukkai ta rufta da mutane a kanta, kuma unguwannin bakin rafi har yanzu su ne suka fi shiga haɗari da damina.

An yi yunƙurin magance matsalar adireshi ta hanyar fasaha. A 2017 Hukumar Gidan Waya ta Najeriya, NIPOST, ta sanar da haɗin gwiwa da kamfanin what3words, wanda ya yanka duniya zuwa ƙananan murabba'ai masu mita uku-uku, kowanne da sunansa na kalmomi uku. A shekarar ce Gana ta ƙaddamar da nata tsarin adireshin na GhanaPostGPS. Manhajar taswira ta Google ma tana ba kowane wuri gajeriyar lamba da ake iya karantawa a waya. Duk waɗannan suna da amfani ne idan mai kira ya san da su, kuma ma'aikacin cibiya yana da na'urar da zai shigar da su.

Abubuwan da ke rage tasirin tsarin

Na farko shi ne rashin sani. Mutane da yawa idan abu ya faru sukan kira ɗan'uwa, ko wani jami'in da suka sani, ko su sa majinyaci a babur. Sau da yawa hakan ya fi sauri, amma yana barin wanda bai san kowa ba a cikin halin ni-'yasu.

Na biyu shi ne kiran wasa. Cibiyoyin gaggawa a ƙasashe da dama suna kokawa da yara da manya masu buga lambar domin gwaji ko zolaya, saboda kyauta ce. Kowane irin wannan kira yana tare layi, yana kuma sa ma'aikata su fara shakkar kiran gaskiya.

Na uku shi ne katsewar sabis. Turakun sadarwa sun dogara da man dizal da batura, ana sace musu kaya, ana kuma yanke wayoyin ƙarƙashin ƙasa yayin aikin hanya. Wannan ne ya sa a 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Akwai kuma rufe sabis da gangan saboda dalilan tsaro, kamar yadda aka yi a Zamfara a watan Satumban 2021, sannan a wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Inda babu sabis ko ɗaya, 112 ma ba ta shiga.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, shi ne ƙarfin hukumomin da ake miƙa wa kiran. Idan an gano wuri daidai amma motar kashe gobara ba ta da ruwa, ko motar asibiti ba ta da mai, ko ofishin 'yan sanda mafi kusa ba shi da abin hawa, to an yi ba a yi ba. Wannan ɓangare yawancinsa yana wuyan gwamnatocin jihohi da hukumomin tsaro ne, domin hurumin NCC ya tsaya a kan sadarwa.

Yadda ake auna inganci

Yawan kiran da cibiya ta amsa ba ya nuna ko tana ceton rai. Ma'aunan da masana suka fi dubawa su ne: daƙiƙa nawa ake ɗauka kafin a amsa kira, kira nawa ne ke katsewa kafin a ɗauka, minti nawa ake yi kafin a tabbatar da wuri, minti nawa tsakanin miƙa kira da tashin mota, da kuma minti nawa kafin a isa. A ƙarshe akwai tambayar da ta fi duka: me ya sami wanda aka kira dominsa? Idan ana wallafa waɗannan alƙaluma jiha-jiha, majalisun dokoki da 'yan jarida da jama'a za su iya gane inda giɓin yake, ko a layin waya, ko a taswira, ko a garejin mota.

Akwai kuma batun sirri. Bayanin inda mutum yake abu ne mai haɗari idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta halatta amfani da bayanan mutum domin ceton ransa ko na wani, ta kuma wajabta kada a karkatar da su zuwa wata manufa ta daban. Amincewar jama'a da lambar gaggawa tana da alaƙa da tabbacin cewa wanda ya kai rahoto ba zai ga sunansa ko wurinsa ya fita waje ba.

Abin da ya kamata mai kira ya yi

Ka fara da wuri kafin labari. Faɗi jiha, ƙaramar hukuma, gari da unguwa, sannan alama mafi kusa, domin idan layi ya katse an riga an sami abin da ya fi muhimmanci. Idan a kan hanya ne, faɗi garin da ka baro, da wanda ka nufa, da ƙauye ko gada ko shingen bincike na ƙarshe da ka wuce. “Mun wuce Mutum Biyu da kamar minti goma, mun nufi Wukari” ya fi “muna hanyar Wukari” amfani nesa ba kusa ba.

Bayan haka faɗi abin da ya faru, da adadin mutanen da abin ya shafa, da ko suna numfashi, da ko akwai wuta ko makami a wurin. Kada ka kashe wayar sai ma'aikacin ya sallame ka, kuma ka bar layin a buɗe domin ana iya sake kiranka. Idan akwai mutane, a tura ɗaya bakin titi ya tari masu agaji, da dare kuma ya riƙe tocila. Mai babbar waya ya kunna na'urar gano wuri, ya buɗe taswira, ya karanto lambobin da ta nuna masa. Idan kiran bai shiga ba, a gwada wani layin ko a matsa zuwa tudu, idan kuma haɗarin mota ne a gwada 122.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yana da kyau kowane gida ya tsara kwatancensa tun ana zaune lafiya, a rubuta shi a manna a bango inda yara da baƙi za su gani, tare da lambar 112 da ta ofishin 'yan sanda da asibiti mafi kusa. Makarantu, tashoshin mota, kasuwanni, mashigun jiragen ruwa da wuraren ibada su ma za su iya kafa allo mai ɗauke da cikakken sunan wurin da ƙaramar hukumarsa. Masu unguwanni da dagatai kuwa, waɗanda suka fi kowa sanin lungu da saƙo, su ne suka fi cancanta a haɗa kai da su wajen sanya wa layuka suna da lambobi, domin sunan da jama'a ba sa amfani da shi ba zai fito daga bakin mai neman agaji ba.